Sukuwa da Zuciyar Mahayi: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ne ga mahayan dawakin tsere, waɗanda sukuwa ita ce sana'arsu, da abin da sana'ar ke yi wa zuciyarsu. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Doki ne ke gudu, mahayi kuwa yana bisa. Ni dai ban ga wahalar da zuciyarsa za ta sha ba a tseren da bai wuce minti biyu ba. Ko akwai abin da ido ba ya gani? (Daga wani mai sha'awar kallon sukuwa)

AMSA: Akwai kuwa, Malam. Ka sake duban mahayin da kyau in an sako dawaki, za ka ga ba zaune yake ba. Likkafarsa gajera ce ƙwarai, gwiwoyi a lanƙwashe, mazaunai a sama da sirdi, ƙirji ya kwanto kan wuyan doki. Wani Ba'amurke, Tod Sloan, shi ya kai wannan salon hawa Ingila a 1897. Da fari dariya aka yi ta yi masa, daga baya kowa ya kwaikwaya, domin dokin da aka hau haka ya fi sauri. Ƙafafun mahayi ne ke shanye kowace girgiza, suna lanƙwashewa suna miƙewa daidai da takun dokin, don haka dokin ba sai ya riƙa cilla nauyin mutum sama da gaba a kowane taku ba. Sauƙin da doki ya samu, a jikin mahayi yake fita.

An sha ɗaura wa mahaya na'urar ƙidayar bugun zuciya a Ingila da Ailan, kuma abin da ake samu kusan ɗaya ne: a ƙarshen tsere bugun kan kai 180 zuwa 190 a minti. Iyakar abin da zuciyar mutum za ta iya, a ƙiyasi, shi ne a cire shekarunsa daga 220. Ɗan shekara 25 ke nan iyakarsa wajen 195. Ka ga mahayi na aiki ne da fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin zuciyarsa.

Abu uku ne ke haɗuwa. Manyan tsokokin cinya da baya na neman jini da yawa. Sannan waɗannan tsokoki a ɗaure suke tun farko har ƙarshe, suna matse jijiyoyin jinin da ke cikinsu, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, awon jini ya hau na ɗan lokaci. Na uku shi ne sinadarin adirenalin. Mutum na kan dabba mai kilo kusan 500, tana gudun kilomita 60 a awa, dawaki goma ko fiye na gogayya da shi ta kowane gefe. Tun kafin a buɗe ƙofar tashi zuciya ta riga ta fara gudu. Tseren mita 1,000 minti ɗaya ne, Derby na Epsom a Ingila mai mita 2,400 minti biyu da rabi, amma Grand National na Aintree, shi ma a Ingila, ya kusa kilomita 7 da shinge 30, wajen minti tara ana abu ɗaya. Mahayi mai kasuwa kuma yakan hau doki biyar ko shida a yini, bayan kilisar asuba.

Duk da haka, lafiyayyar zuciya ba ta tsoron wannan aiki, ƙarfi ma take ƙarawa da shi. Abin dubawa shi ne halin da zuciyar ke ciki lokacin da aka kai ta bakin ƙofar tashi, wanda wasiƙa ta gaba ta taɓo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 19, yana koyon hawan dawakin tsere. Nauyinsa kilo 56 ne, amma ranar tsere sai ya koma 53. Tun daren jajibiri ba ya ci ba ya sha, da safe ya sa rigar leda ya yi gudu, ya shiga ɗakin gumi na sauna. Yakan dawo idanu sun faɗa, in ya miƙe sai jiri ya kwashe shi. Ya ce kowa haka yake yi. Hankalina bai kwanta ba. (Daga wata uwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. Shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce da yawa haka suke yi, sai dai yawan masu yin abu ba ya mai da shi lafiya.

A sukuwa kowane doki akwai nauyin da aka ƙayyade masa, kuma ana auna mahayi ne haɗe da sirdinsa, kafin tsere da bayansa. A Kentucky Derby na Amurka, alal misali, ingarma na ɗaukar kilo 57, da mutum da kayan hawa duka. Mahayin da ya zarce abin da aka sa, wani ake bai wa dokin. Tsoron nan ne ke kai yara ɗakin gumi.

Kilo 3 a dare ɗaya ba kitse ba ne, kusan duka ruwa ne, kuma ya haura kashi 5 cikin ɗari na nauyin ɗanki. Mutum mai girmansa jinin jikinsa gaba ɗaya wajen lita 4 ne, fiye da rabinsa kuma ruwa ne. Gumi daga nan yake fara ɗiba. In ruwan jini ya ragu, abin da ke komowa zuciya ya ragu, kowane bugu sai ya fitar da jini kaɗan. Zuciya ba ta da wata dabara sai ƙara sauri, kamar injin ban ruwa da aka jefa tiyonsa a rijiyar da ta ja baya: ƙara ta ƙaru, ruwan da ke fita ya ragu. A kan kowane kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin da aka zubar ta gumi, bugun zuciya a lokacin aiki kan ƙaru da 3 zuwa 5 a minti. A lissafin ɗanki ƙarin bugu 15 zuwa 25 ke nan. Amma iyakar zuciya ba ta matsawa sama don an yi gumi. Wanda dama tsere ke kai shi 185, ina zai sa wannan ƙarin? Sai ya kai maƙura tun tsakiyar hanya, jinin da ke zuwa cinyoyi da ƙwaƙwalwa ya gaza a daidai inda ake bukatar ƙarfi da saurin tunani.

Ga kuma zafi. Jiki na sanyaya kansa ne ta tura jini zuwa fata da fitar da gumi. Wanda ya bushe ba shi da jinin da zai raba tsakanin fata da tsoka, don haka zafin cikinsa ke hawa. In ya haura digiri 40, ga ruɗewa ko surutai marasa kan gado, lamarin gaggawa ne: a cire kaya, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa ana fifita, tun kafin motar asibiti ta iso. Jirin da kike gani in ya miƙe kuwa, awon jininsa ne ke faɗuwa. A ƙasa wannan jiri ne kawai, a kan doki faɗuwa ce.

Tarihin sukuwa bai manta da Frank Hayes ba. A watan Yunin 1923, a filin Belmont Park na New York, dokinsa Sweet Kiss ya zo na ɗaya alhali shi ya riga ya cika a kan sirdi, zuciyarsa ta tsaya ana cikin tsere. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa ya sauke kilo kusan 5 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci don ya samu hawan.

Hukumar sukuwa ta Birtaniya ta sanar da cire ɗakunan sauna daga filayenta a ƙarshen 2021, a 2022 kuma ta ɗaga mafi ƙarancin nauyi a tseren da ba shinge zuwa kusan kilo 52. Mataki ne mai kyau, amma a ganinmu bai isa ba, domin mai neman gumi zai samo shi a bahon ruwan zafi a gida, ko cikin mota da na'urar ɗumama a kunne, inda ba likita ba mai gani.

Abin da za ki iya yi: ki sa shi ya riƙa auna kansa kowace safiya bayan fitsari, a kan sikeli ɗaya, yana rubutawa. In tazarar da ke tsakanin nauyinsa na kullum da na ranar tsere ta wuce kilo ɗaya, ba gumi yake bukata ba, tsarin abinci na makonni yake bukata, kuma mun yi bayaninsa a ƙasa. Ki kuma tuna ɗan shekara 19 jikinsa bai gama cika ba. Mai yiwuwa ne 53 ba nauyinsa ba ne kwata-kwata, kuma tseren tsallake shinge, inda mafi ƙarancin nauyi a Birtaniya ya kai wajen kilo 64, ya fi dacewa da ƙirarsa.

TAMBAYA: Wani babba a bargarmu ya ba ni ƙwayar furosemide, ya ce rabin awa kawai sai fitsari ya sauke min kilo. Ya kuma koya min in riƙa amayar da abinci bayan na ci. Wata biyu ke nan, yanzu ina jin zuciyata na tsallake bugu, ga ƙafafu na murɗewa da dare. Wannan wani abu ne? (Daga wani mai koyon hawa)

AMSA: Wani abu ne babba, ɗan'uwa. Kada ka sake hawa doki sai an ɗebi jininka an auna gishirin jiki, an kuma yi maka gwajin ECG, wato awon lantarkin zuciya. Yau muke nufi, ba mako mai zuwa ba.

Zuciya da lantarki take aiki. Kowane bugu, sinadarai ne ke shiga da fita cikin ƙwayoyin tsokarta, kuma fotashiyam shi ke mai da su daidai bayan kowane bugu don su shirya wa na gaba. Adadinsa a jini ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0. Ƙasa da 3.0 hatsari ya fara, ƙasa da 2.5 kuwa kwanciya asibiti ne. Furosemide na tilasta wa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri, fotashiyam da maganiziyam su bi fitsari su fita. Amai na ƙara ta'azzara abin ta wata hanya da mutane ba su cika sani ba: tsamin ciki da ake zubarwa na sauya yanayin jini, ƙoda kuma wajen gyara wannan sai ta ƙara zubar da fotashiyam. Maganin wankin ciki shi ma ta bayan gida yake kwashe shi. Kai ka haɗa biyu daga cikin ukun.

In fotashiyam ya yi ƙasa, zuciya kan daɗe ba ta gama shiryawa ba bayan bugu. A takardar ECG ana ganin haka a tazarar da likitoci ke kira QT, ta yi tsawo. Bugun da ya faɗo cikin wannan tazara ba a kan ƙa'ida ba na iya jefa ƙananan ɗakunan zuciya cikin karkarwa, jini ya daina fita, mutum ya faɗi cikin daƙiƙu. Adirenalin kuma tura fotashiyam yake yi daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Wato mai 3.1 a ɗakin awo zai iya yin ƙasa da haka a mita ɗari biyun ƙarshe, inda zuciyarsa ke kan 190.

Abubuwa uku za mu gargaɗe ka a kai. Kada ka sayi ƙwayar fotashiyam ka sha da kanka. Ƙodar da ta bushe ba ta iya fitar da rarar, kuma yawansa ma tsayar da zuciya yake yi. Ka guji ibuprofen da diclofenac a ranakun da ka bushe, domin suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Sannan ka gaya wa likita duk maganin da kake sha, don akwai waɗanda ke ƙara tsawaita QT, irin su azithromycin, erythromycin, kwinin da wasu magungunan hana amai. Ka nemi a auna maganiziyam ma, domin in ya yi ƙasa fotashiyam ba ya gyaruwa ko an ba ka shi.

Akwai tarko da ya kamata ka sani tun yanzu. Ranar da ka daina ƙwayar, jikinka zai riƙe ruwa da gishiri, ƙafafu su ɗan kumbura, sikeli ya hau da kilo ɗaya ko biyu. Wannan martanin jikin da aka daɗe ana matsewa ne, kuma yakan sauka da kansa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni in ka rage gishiri. A nan ne da yawa ke tsorata su koma wa ƙwayar. Hukumomin sukuwa da dama sun haramta wa mahaya irin wannan magani, ana kuma gano shi a fitsari. Batun amai kuwa, in ka ga ka kasa dainawa, ka faɗa wa likita ba kunya. Ciwo ne sananne a wannan sana'a kuma ana maganinsa.

TAMBAYA: To in gumi da ƙwaya duk ba su da kyau, yaya mutum zai kai nauyin da ake so? (Daga wani mahayi)

AMSA: Da kitse za a yi cinikin, ba da ruwa ba. Masu bincike a Jami'ar Liverpool John Moores sun gwada haka da ƙwararrun mahaya: cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, furotin mai yawa, da motsa jiki kullum. Cikin makonni shida nauyi ya sauka, ƙarfi bai ragu ba, kuma ba a bi ta ɗakin gumi ba.

A fara da sanin abin da ke jikin. Akwai hoton DXA da ke nuna kitse nawa, tsoka nawa, ƙashi nawa. Namijin da kitsensa ya riga ya yi ƙasa sosai ba shi da sauran abin saukewa, kuma nan ne iyakar nauyinsa ko ya so ko bai so ba. Wanda ke da rara, rabin kilo a mako ya isa, wato ragin kalori 400 zuwa 500 a yini. Kada abin da ya rage wa jiki, bayan an cire na motsa jiki, ya gaza kalori 30 a kan kowane kilo na nauyin da ba kitse ba. Mai kilo 48 na tsoka da ƙashi da sauransu ke nan kada ya gaza 1,440. Ƙasa da haka jiki ke fara rage wuta: sinadaran jiki su sauka, ƙashi ya yi rauni, mugun kitsen cikin jini ya hau duk da ramar mutum, in abin ya daɗe tsokar zuciya ita ma ta rame.

Furotin giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyi, a raba shi sau huɗu ko biyar: ƙwai, kifi, kaza, nama marar kitse, wake, madara. Ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, don a nan fotashiyam da maganiziyam suke. Gudu ko keke minti 30 zuwa 45 a yawancin ranaku, ɗaga ƙarfe sau biyu a mako. Wasu na gudun ɗaga ƙarfe wai zai ƙara musu nauyi. Mai cin abinci a ƙididdige ba zai tara tsokar da za ta dame shi ba. Kada kuma a dogara da tseren kansa wajen ƙona kitse, minti biyu komai tsananinsu ba su ƙona abin kirki.

In kilo ɗaya ya rage saura kwana biyu ko uku, akwai hanyar da ba ta taɓa jini. A rage abinci mai harza, irin su ɗanyen ganye da hatsi mai dusa, na waɗannan kwanakin kawai, abin da ke zaune cikin hanji zai ragu da wajen rabin kilo. A rage gishiri. A ɗan rage abinci mai sitaci, domin kowane giram da jiki ya ajiye na riƙe da ruwa giram 3. Ruwan sha kuwa a ci gaba da shi. In dole sai an yi gumi, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari, wato kilo ɗaya ga mai kilo 54, kuma ko wannan an nuna yana rage ƙarfin hannu da ƙafa.

Bayan tseren ƙarshe na yini, kowane kilo da aka zubar a mai da shi da ruwa lita 1.25 zuwa 1.5, mai ɗan gishiri da sukari irin na ORS, a riƙa shan cikin kofi ɗaya na ruwan kowane minti 15 zuwa 20. Zallan ruwa da yawa a tashi ɗaya fitsari yake zama, yana kuma iya tsinka gishirin jini.

TAMBAYA: Bugun zuciyar mijina 46 ne a minti in yana kwance. Abokansa sun ce alamar ƙarfi ce. Haka ne? (Daga matar wani mahayi)

AMSA: Zai iya zama haka, zai kuma iya zama yunwa ce, domin jikin da ba ya samun abinci shi ma rage bugu yake yi don tattali. Ga yadda za ki bambance, Malama. Ya kwanta minti biyar ki ƙirga, ya miƙe tsaye minti biyu ki sake ƙirgawa. Mai ƙarfin gaske bugunsa ɗan hawa kaɗan yake yi, ba jiri, hannunsa da ɗumi. In ya yi tsalle da 30 ko fiye, ko duhu ya rufe masa ido, ko kullum yana jin sanyi, ga kasala da saurin fushi da raguwar sha'awa, wannan ba ƙarfi ba ne. Ƙasa da 40 da rana ido biyu, ko suma ko sau ɗaya ne, sai ECG.

TAMBAYA: Sigari da kofi da lemon ƙara kuzari su ke kashe min yunwa ranar tsere. Illarsu ta kai a damu? (Daga wani mahayi)

AMSA: Ta kai. Nikotin na ƙara bugu da wajen 10 zuwa 20 a minti, yana matse jijiyoyin jini, hayaƙin kuma na rage iskar da jini ke ɗauka. Kafeyin miligiram 400 a yini shi ne iyakar da ake ba lafiyayyen baligi, kada ya wuce 200 a zama ɗaya, kuma wannan lissafin na wanda ya ci ya sha ne, ba na mai busasshen jiki da cikin da ba komai ba. Magungunan mura masu pseudoephedrine da ƙwayoyin rage ƙiba na kasuwa duk sahu ɗaya suke. Hodar iblis kuwa matse jijiyoyin zuciyar kanta take yi, tana kashe matashi mai lafiya lau, shi ya sa ake gwajin ta a filayen sukuwa.

TAMBAYA: Ina aiki a gefen fili. In mahayi ya faɗi kowa kai da wuya yake dubawa. Zuciya fa, faɗuwa na taɓa ta? Me za mu yi kafin likita ya iso? (Daga wani ma'aikacin filin sukuwa)

AMSA: Tana taɓa ta. A tseren tsallake shinge ana faɗuwa kusan sau ɗaya a cikin hawa 15 zuwa 20. A wanda ba shinge faɗuwar ba ta da yawa, amma gudun ya fi, kuma dawakin baya na tafe a cunkushe. Zuciya na zaune ne tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya. Kofato ko nauyin doki in ya sauka a ƙirji na iya ƙuje tsokarta. Rigar kariya na rage ƙarfin bugun amma ba ta kawar da shi. Matsalar irin wannan rauni, mutum zai iya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce lafiya lau, rikicewar bugu ta biyo baya cikin awa 24 zuwa 48. Duk wanda ya bugu a ƙirji yana jin ciwo a tsakiya, ko haki, ko bugunsa ya ƙi sauka bayan hutu, a kai shi a yi ECG da gwajin jini na tiroponin. In duka biyun lafiya, hankali ya kwanta. In ɗaya ya nuna wani abu, sai a kwantar da shi a kan na'ura a kuma yi hoton zuciya na eko. Ciwo mai tsanani tsakanin kafaɗu ta baya na iya zama yagewar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wannan hoton CT yake bukata nan take.

Wanda ya faɗi bai motsi, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Shaƙuwar nan ba numfashi ba ce, ita ke yaudarar mutane su tsaya kallo. Ɗaya ya kira likitan fili, ɗaya ya ruga ya ɗauko na'urar AED mai daidaita bugun zuciya da lantarki, ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a kwance ko a yanke rigar kariya, domin dannawa ta samanta aikin banza ne. Tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya kan ɗaya, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirji ya dawo bayan kowace dannawa. Wanda aka koya wa ya ba da numfashi biyu bayan kowace dannawa 30, wanda ba a koya wa ba ya ci gaba da dannawa kawai. A riƙa canjin hannu kowane minti biyu. In AED ta iso a goge gumin ƙirji, a manna faifanta ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata, a bi umarnin da take faɗa. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Tsoron karayar wuya kada ya hana a danna ƙirji.

TAMBAYA: Shekarata 44, ina hawa har yanzu. An auna ni an samu 150 bisa 95. Ni da ba ni da ƙiba, ina hawan jini ya fito? Zan iya ci gaba? (Daga wani tsohon hannu)

AMSA: Rama ba ta hana hawan jini, Malam. Gado, shekaru, sigari, rashin barci, magungunan ciwon jiki da ƙodar da ta sha bushewa shekara da shekaru duk suna kawo shi. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ka auna a gida kwana bakwai, sau biyu da safe sau biyu da yamma, a zaune bayan hutun minti biyar, ka watsar da na ranar farko ka fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135 bisa 85, hawan jini ne. Ka lura da maɗaurin hannun: wanda ya yi wa siririn dantse yawa yakan nuna ƙasa da gaskiya.

Da yawa na ci gaba da hawa in an shawo kansa, sai dai zaɓen magani na bukatar likitan da ya san sana'arka. Masu sa fitsari ba naka ba ne. Irin su atenolol na danne bugun zuciya, su hana ta kaiwa inda tsere ke bukata. Irin su lisinopril da losartan na da kyau, amma in aka haɗa su da bushewar jiki ƙoda ce ke shan wahala. Amlodipine ba ta da waɗannan matsalolin, ko da yake takan kumbura idon sawu. In wani ciwo ya sa an ɗora ka kan maganin tsinka jini, to hawan tsere ya tsaya, domin faɗuwa ɗaya na iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa.

A matasa abin da ake nema a gwaji shi ne ciwon da aka haifi mutum da shi, kamar kaurin tsokar zuciya da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 500. Bayan shekara 35 kuwa toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba. Don haka kowace shekara ka yi ECG, ka auna sukari, kitsen jini da aikin ƙoda, ka kuma gaya wa likita in akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a a danginku kafin shekara 50. Nauyi ko ƙuna a ƙirji lokacin kilisa, ko hakin da ba ka saba ba, dalili ne na gwajin zuciya a kan injin gudu kafin hawa na gaba. Ranar da kake zazzaɓi kada ka hau, kada ka shiga gumi: ƙwayar cuta kan kumbura tsokar zuciya, kuma wanda aka tabbatar masa da haka hutun wata uku zuwa shida ake ba shi.

In lokacin ajiye sirdi ya zo, shekara biyun farko su ne abin lura. Jikin da ya saba da yunwa saurin tara kitse yake yi, musamman a ciki, kilisar asuba kuma ta tsaya. Ka riƙe tafiya mai sauri ko keke aƙalla minti 150 a mako, ka ci gaba da hawa sikeli sau ɗaya a mako, ka riƙa auna ƙugu da tef: kada ya wuce rabin tsawonka.